Lissafin Gida da Lissafin Makaranta

Gaya tsohon gari ne a gabashin ƙasar Kano. Wanda ya tashi daga birni, ya ƙetare kogin Wudil, ya miƙe hanyar Dutse, ba da jimawa ba zai iske ta. Ajingi kuwa tana arewa da ita, wajen iyakar Jihar Jigawa. Yawancin mutanen waɗannan garuruwa da ƙauyukansu manoma ne, suna noman gero da dawa da wake da gyaɗa, suna kuma kiwon shanu da awaki da tumaki. A cikinsu akwai maƙera da magina da masu saƙar tabarma da 'yan kasuwa da malamai.

Tun zamanin da Gaya ta yi suna wajen ƙira. Labarin kaka da kakanni ya ce a nan ne maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Daura da ita. An kuma ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin dutsen Dala domin neman tama, su ne ake kira Abagayawa. To, maƙerin da ke lanƙwasa ruwan fartanya domin ya zauna daidai a jikin ƙota, awo yake yi. In ya buɗe bakin da yawa fartanya ba ta kama ƙasa, in ya matse shi kuma ta gajiyar da mai noma. Wannan buɗewa da matsewa ita ce ake kira kusurwa a makaranta.

Akwai yara da yawa da ke tsammani lissafi abin makaranta ne kaɗai, Turawa suka zo da shi a cikin littafi. Saboda wannan zato sai wani yaro ya riƙa jin tsoronsa kamar baƙon da bai san harshensa ba, wani kuma da ya ɗan iya sai ya raina mahaifinsa don bai riƙe alli ba. Alhali kuwa makarantar boko ta farko a Kano a 1909 aka buɗe ta, ita ce wadda Ɗan Hausa ya kafa a Nasarawa. Kafin wannan shekara mutanen Gaya da Ajingi sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki, suna gini, suna fid da zakka, suna raba gado, kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke yiwuwa sai da lissafi.

Ƙidayar wuri

A da, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, har ma kalmar nan kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Wuri ɓawon wata 'yar halitta ce ta teku. Mafi yawansa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ya fito, fatake suka yi ta miƙa shi hannu da hannu har ya iso kasuwannin ƙasar Kano. Da yake wuri ɗaya ba ya sayen abin kirki, ciniki kaɗan sai ya ci dubbai, kuma dole a ƙidaya su duka a gaban mai saye da mai sayarwa.

Ga yadda ake yi. Mai ƙidaya yakan zube wuri a ƙasa, ya riƙa ja da yatsunsa biyar biyar. In ya ja sau huɗu ya sami ashirin, ita ake kira hauya. Hauya biyar ɗari ke nan, hauya goma kuwa metan, watau ɗari biyu, sai ya ware su tsibi guda. Tsibi biyar sun zama zambar, watau dubu. In an tara dubu ashirin sai a zuba a wata jakar kaba da ake kira keso. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga irin wannan ƙidaya a Tasawa a 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya yi mamakin saurin hannun masu yin ta. Ya kuma rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda. Ashe keso ɗaya dala 8 ke nan a wancan lokaci.

In an lura, mai ƙidayar nan bai yi ta cewa ɗaya, biyu, uku har dubu ashirin ba. Ya haɗa ƙanana sun zama ƙungiya, ya haɗa ƙungiyoyi sun zama babbar ƙungiya. Haka nan malami ke yi a allo sa'ad da ya ce ɗaiɗai goma su koma gidan gomomi, gomomi goma su koma gidan ɗaruruwa. Biyar sau huɗu ashirin, ashirin sau goma ɗari biyu, ɗari biyu sau biyar dubu, duk yana cikin yatsun mai ƙidayar wuri.

Harshen Hausa kansa yana ɗauke da lissafi. Tsofaffi sukan ce gomiya biyu, gomiya uku, kafin ashirin da talatin na Larabci su rinjaya, gomiya uku kuwa goma sau uku ke nan. Mai cewa ashirin ba ɗaya, yana nufin 19, ɗebewa ya yi. Mai cewa talatin biyu babu, yana nufin 28, shi ma haka.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuɗin ƙarfe suka kori wuri sannu a hankali. Anini 10 kwabo, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 20 fam guda, watau fam kwabo 240 ne. Ran 1 ga Janairu 1973 aka sake kuɗi, aka kawo naira, kwabo 100 naira guda, naira biyu kuma a madadin fam. Shi ya sa har yau in dattijo ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi, domin a da fam 100 ake zubawa a jaka. Sau biyu ke nan kuɗi suka sauya, kowane da irin ƙidayarsa, kuma mutanen kasuwa suka iya duka a ka.

Kwano da buhu

Da kaka, in an casa gero an sheƙe, manomi yakan kai abin da zai sayar kasuwa. Can ma'auni zai sa kwano ya auna, ya cika shi har ya yi tozo, yana ƙidaya da ƙarfi domin kowa ya ji. A bisa al'adar kasuwannin ƙasar Kano, kwano 40 ake lasaftawa a babban buhu. Wanda ya san haka, da ya ji kuɗin kwano ya san kuɗin buhu, da ya ji kuɗin buhu kuma ya san ko sayar da shi kwano kwano ya fi riba.

A nan ne kuma ake cutar wanda bai lura ba, domin ba dukan kwanuka ne girmansu ɗaya ba. Akwai marasa tsoron Allah da ke saye da babban kwano su sayar da ƙarami. A ce kwanon mai saye ya fi na gaskiya da kashi ɗaya cikin ashirin. Ido ba zai gane wannan ɗan bambanci ba, amma duk awo 20 manomi ya yi hasarar kwano guda. A buhu ɗaya kwano 2 sun tafi, a buhu 10 kwano 20, watau rabin buhu. Rabin buhun gero kuwa tuwon kwanaki ne ga iyali, guminsu ne na damina. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Yaron da ya iya wannan ɗan lissafi, ya kuma san a ɗora hatsi a sikeli a ga nauyinsa, ya tsare wa gidansu abinci.

Mata ma suna da nasu a cikin gida. In mata 10 suka shiga adashi, kowace tana zuba naira 500 duk mako, mai ɗauka za ta kwashi naira 5,000, kuma sai mako 10 adashi zai zagayo. Uwar adashi takan riƙe wannan duka a ka, ko ta riƙa yin zane a bango da gawayi, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi.

Kamu da gaba

Kafin a san mita, jikin mutum shi ne ma'auninsa. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, da shi ake auna zane. Gaba ita ce mutum ya ware hannuwansa biyu, daga ƙarshen wannan zuwa ƙarshen wancan, tana kusa da kamu huɗu, da ita ake auna igiya da zurfin rijiya. Gona da filin gida kuwa da taku ake auna su.

Magini in zai gina ɗakin kago ba ya zana shi da ka. Yakan kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya ja igiyar ta miƙe, sa'an nan ya zagaya yana zane a ƙasa. Ko'ina a jikin zanen nisansa da turke ɗaya ne, a kansa za a jera tubali. Wannan zane shi ne da'ira, kuma abin da ɗan makaranta ke buɗewa mai ƙafa biyu ya zana ta a takarda aikin turke da igiya yake yi. Gwanin magini ya san kewayen ɗaki yakan ci tsawon igiyar nan sau shida da ɗan ƙari, da haka yake kintatar yawan tubali da girman jinkar da za a ɗora. Makaranta ta zo ta faɗi ko nawa ne ɗan ƙarin. Ta ce a ninka faɗin ɗakin sau 22, a raba da 7. In igiya ƙafa 7 ce, faɗin ɗaki ƙafa 14 ne, kewayensa kuma ƙafa 44.

Sai dai awon jiki yana da aibi guda. Kamun dogo ya fi na gajere, takun babba ya fi na yaro. In dogo ya sayi zane kamu goma a hannun gajere, gardama ta tashi ke nan. Saboda haka aka yi mita, wadda tsawonta ɗaya ne a Gaya da Makka da Landan, aka raba ta santimita 100. Kamun babban mutum yakan kai kimanin santimita 45.

Zakka da gado

Babu inda lissafi ya fi nauyi kamar inda ya shafi haƙƙin Allah da haƙƙin marayu. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in amfaninsa ya kai nisabi, zai fid da ushiri, watau ɗaya cikin goma. Shi ya sa ake ware dami ɗaya a kowane dami goma. Wanda ya sha wahalar ban ruwa kuwa rabin haka zai bayar, ɗaya cikin ashirin. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4. In an ninka, sa'i 300 ke nan, ko mudun Annabi 1,200. Mai awaki ko tumaki 40 zai ba da guda, mai shanu 30 zai ba da maraƙi.

Wajen rabon gado malamai suna da sunan kowane kashi: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Ga misali. Wani mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Bayan an yi masa sutura an biya bashi, aka sami awaki 24. Matar tana da sumuni, ɗaya cikin takwas, watau awaki 3, saura 21. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, saboda haka maza uku kashi shida, mace kashi ɗaya, kashi bakwai ke nan. In an raba 21 gida bakwai, kowane kashi awaki 3 ne. Kowane ɗa namiji ya sami 6, 'yar ta sami 3. A tara 3 da 18 da 3, an koma 24, ba wanda aka zalunta. Kuskure kaɗan a irin wannan rabo yakan raba zumunci har jikoki.

Wannan ilmi daɗaɗɗe ne. Wajen shekara ta 820 wani malami a Bagadaza mai suna Alkawarizmi ya rubuta littafin da aka samo sunan aljabra daga gare shi, babban sashe na littafin kuwa a kan wasiyya da gado yake. Ƙasar Hausa ma ta fid da nata gwani. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine ya tafi aikin haji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara hatimi, a can kuma ya rasu a 1741. Mafi sauƙin hatimi shi ne mai gida tara. A layin sama a rubuta 4, 9, 2, a na tsakiya 3, 5, 7, a na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu.

Malaman hisabi kuma suna lissafa wa manoma shekara da taurari 28, kowane yana kwana 13. Bazara da damina da kaka da ɗari kowace tana da taurari 7, watau kwana 91. Duka sun zama kwana 364, a ƙara wa tauraro ɗaya kwana guda, shekara ta cika 365. Shekarar wata kuwa kwana 354 ce, ta gaza da kwana 11. Wannan ne dalilin da ya sa azumi ke zagayawa, ya faɗo da zafi, ya faɗo da damina, ya faɗo da sanyi, sai bayan kimanin shekara 33 ya komo inda ya faro.

Har a wajen wasa da ado ana samunsa. 'Yan dara sukan haƙa gurbi 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, in an gama zubawa gurbi 6 ne ke saura, a cikinsu za a yi ta dabarar jera uku a ci na abokin wasa. Mai saƙar tabarma tana ƙidaya kaba, fara kaza, rinanniya kaza, in ta ɓata ƙidaya sau ɗaya ado ya karkace. Mai ɗinkin hula shi ma zare yake ƙidayawa domin zanen dama ya yi daidai da na hagu.

Mutanen tsibirai

Ba Hausawa kaɗai ke da lissafin gida ba. Can gabas mai nisa, bayan Indiya da Sin, akwai Tekun Fasifik, wanda ya fi kowane teku girma, da dubban tsibirai a warwatse cikinsa. Mutanen tsibiran Marshal sukan ɗaure tsinkayen ganyen kwakwa su yi taswira, lanƙwasassun tsinkaye suna nuna yadda igiyar ruwa ke juyawa, 'yan ɓawo irin na wuri kuma suna nuna tsibirai. Matuƙi yakan haddace ta a tudu kafin ya shiga jirgi. Wata kabila a Papuwa Niyu Gini, ana kiransu Oksapmin, da gaɓoɓin jiki suke ƙidaya. Sukan fara daga babban yatsan hannu ɗaya, su hau hannu, su bi ta kunne da ido da hanci, su gangara ɗaya hannun, su ƙare a 27.

Da makarantun zamani suka zo, sai samarin tsibirai suka fara barin ilmin iyayensu, har ya kusa ɓacewa. A 1975 mutanen Hawai suka ƙera jirgi irin na kakanninsu mai suna Hokuleya, suka nemo wani gwanin matuƙi, Mau Piyailug, daga ɗan tsibirin Satawal. A 1976 ya kai su Tahiti, tafiyar kimanin kilomita 4,000, cikin wata guda da 'yan kwanaki, ba tare da wata na'ura ba, sai taurari da iska da igiyar ruwa. Wannan tafiya ta farkar da mutane. Yanzu akwai malamai a can da ke koya wa yara kusurwa da nisa da sauri ta hanyar tuƙin jirgi da saƙar tabarma. Dama Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Haɗa biyun

Malamin da ke koyarwa a Gaya ko Ajingi ba ya rasa kayan aiki. Yana iya sa yara su tsinto tsakuwa su ƙidaya ta hauya hauya. Yana iya sa yaro biyar su auna bangon aji da kamu, kowa ya faɗi abin da ya samu, sa'an nan a kawo mita a raba gardama. Yana iya fita da su fili da turke da igiya, ko ya gayyato magini ko ma'auni ya nuna musu yadda yake yi. Yaron da ya fara da abin da ya saba gani a gida, in ya zo ga alƙaluman littafi sai ya iske ya riga ya san rabinsu.

Lissafin gida yana da sauri, yana kuma tafe da sanin aiki, amma yana zaune a ka, in mai shi ya rasu bai koyar ba ya tafi da shi. Kalmomi irin su hauya da keso da zambar sun kusa fita daga bakin yara. Lissafin makaranta yana rubuce, ma'auninsa ɗaya ne a ko'ina, da shi ake gina gada irin ta Wudil, da shi ake auna magani a asibiti da taki a gona. Ɗan makarantar kirki shi ne wanda in ya koma gida da yamma zai zauna kusa da kakansa ya tambaye shi yadda ake ƙidaya da awo a da, ya rubuta a littafinsa, ranar kasuwa kuma ya raka mahaifinsa ya tsaya kusa da ma'auni yana lissafi.

Tambayoyi

1. Hauya nawa ce a cikin zambar? Tsibin metan nawa ne a cikin keso?
2. Kwabo nawa ne a cikin sule 3 da sisi?
3. Manomi ya sami dami 70 na gero a gonar damina. Dami nawa ne ushirinsa?
4. In awakin da mamacin nan ya bari 40 ne, nawa matarsa za ta samu, nawa kuma kowane ɗa namiji?
5. Magini ya yi da'ira da igiya mai ƙafa 3 da rabi domin gina rumbu. Ƙafa nawa ne kewayen rumbun?
6. Don me awo da mita ya fi awo da kamu raba gardama?

Aiki

Kowane yaro ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidansu hanya ɗaya ta ƙidaya ko awo da ake yi a da, ya rubuto ta, ya karanta wa 'yan ajinsu.